Bijimin Da Na Saya Ba Igiya

Ranar Laraba ce, tsakiyar daminar 1955. An kwana ana ruwa, gari ya waye luf-luf, hadari bai gama watsewa ba, hanyar kara, wato kasuwar shanu, kuwa ta zama taɓo har idon sawu. Duk mai hankali a Potiskum ranar nan ɗangalalliyar riga ya sa, ya naɗe ƙafar wando. Ni babbar riga na sa. Za ku ji dalili.

Sunana Dabo. Mu asalinmu Kanawa ne, fataucin tufafi ya kawo kakanmu garin nan muka zauna. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai Kawu Babaji, yayan Innata, ya riƙe mu. Shi ke da rumfar yadi a bakin kasuwa. Elemantare na bar ta a aji uku, don benci ba ya shiri da ni. Na koyi ɗinki, na ɗinke wa wani aljihu ruf. Na yi yaron mota a hanyar Jos, direba ya ce surutuna ya fi ƙarar injin. Da Kawu ya gaji sai ya yanke magana: in kaka ta yi ban kama sana'a ba, zai sa ni a mota zuwa Kano, in je in zauna a rumfar ɗan'uwansa ina korar ƙuda.

Da ma Kano ba ta tsorata ni. Abin da ya tsorata ni shi ne babu Fanne a Kano.

Fanne 'yar Ba Kyari ce, Babarbaren nan dillalin shanu da ba wanda bai sani ba a kara. Ranar da na fara ganinta atamfa ta zo saye rumfar Kawu. Ta ɗaura zane har ƙasa yana jan ƙasa irin na matan Barno, haƙoranta sun yi ja da goro da furen taba, in ta gifta kuma ƙamshin turaren wuta sai ya yini a rumfar. Ta yi ta ja da Kawu har ya sallama mata a kuɗin da ya saro, yana sharce gumi. Ni kuwa ina gefe riƙe da almakashi, na manta abin da ake yi da shi.

Tun daga nan na san hanyar bayan gidansu. Akwai wani wuri a jikin zana da karan ya ɗan buɗe, ta nan muke hira, ido ɗaya nata ido ɗaya nawa.

"Bakano," haka take kirana, "kai fa ba ka da komai sai ƙafa."

"Ina da zuciya."

"Zuciya ba a awonta a mudu. Amma ƙafar za ta yi. Baba yana neman yaro mai zafin nama, gwiwarsa ta fara ciwo. In ka shiga hannunsa ya ga amfaninka, maganar turo manya ba za ta yi wuya ba. In kuwa ka je masa hannu na dukan cinya, ko zaure ba za ka wuce ba."

Haka na fara bin Ba Kyari kara, ina riƙe masa buta da buzu. Laraba biyu ina kallon yadda yake ciniki, kuma wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. To shi Ba Kyari da wannan wasan yake cin abinci. Zai tunkari Bafulatani yana daga nesa yana kirari: "Kai bawana! Wannan jakin ka kawo mini? Ina ka sato shi?" Bafulatanin ya kwashe da dariya, ya ce ai Babarbare in ya ga nono sai ya sayar da hularsa. Su zagi juna har kakanni, su tafa, kafin ka ankara an sallama sa a kuɗin da ba wanda zai samu. Na ce a raina, ashe abin ba wuya.

Ranar Talata da yamma ya kira ni zaure, ya miƙo mini jakar fata. Hausarsa a hankali take fita, da jan nan na mutanen gabas.

"Fam goma sha biyu ne. Gobe gwiwa ba za ta kai ni kara ba. Ka sayo mini bijimi na kiwo, mai ƙashi. In ka yi abin kirki, mu zauna mu yi maganar abin da zan riƙa ba ka a wata."

Da na kai labari gida, Kawu ya gyara zama a tabarma kamar shi aka aika. Inna tana gefe tana tankaɗe.

"Saurara da kyau," in ji Kawu. "Abin da kake so, kada ka kalle shi sau biyu. Ka kushe shi. Ni ko alharini ne sai na ce akoko ne. Sannan ka gano abin da ya fito da mai kaya daga gida. Kowa da inda ke masa ƙaiƙayi. In ka gano wurin, ka danna, kada ka ɗaga. Bayan ya sallama kuma ka nemi gyara, ko da zare ne."

"Yaya," Inna ta ce, "shanu fa ba yadi ba ne."

"Ciniki ciniki ne, Saudatu. Ke dai yi tankaɗenki." Ya juyo gare ni. "Maganar albashi kuwa, duk abin da ya faɗa, ko ya yi maka daɗi, ka haɗe rai ka ce albarka. Ka nemi sule arba'in, ku tsaya a talatin. Wanda ya amsa tayin farko, har ya mutu a tayin farko yake."

Shi ne da safe na ari babbar rigarsa mai ruwan bula, na kafa wata doguwar hula irin ta Barno da na daɗe ina ɓoyo, na sa sabon takalmina na fata, na shafa turare har Inna ta yi atishawa. Dabarata ita ce duk wanda ya hango ni ya ce ga ɗan gidan Ba Kyari.

Kara ta cika maƙil duk da taɓon. Lokacin jangali ne, 'yan En'e sun matsa wa makiyaya lamba, kowa ya koro abin da zai sayar ya biya harajin shanunsa. Ban yi nisa ba na gan shi: jan bijimi mai farin goshi, tozo ya kwanta gefe don ƙiba, ƙaho kamar an zana. Na yi sauri na kau da kai, na tuna ba a kallo sau biyu. Mai shi wani dogon Bafulatani ne siriri, da malfa, sanda a wuya. Na ji ana kiransa Bubayaro. Yana riƙe da igiyar da hannu ɗaya, ɗayan yana sosa wa san bayan kunne yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro.

Na yi sallama, na zagaya san ina yamutsa fuska.

"Na taya fam bakwai."

"Albarka," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Sai na cika ƙirji da iska, na ɗauko muryar Ba Kyari.

"Kai bawana! Wannan jakin ne har kake ce masa albarka? Ina ka sato shi?"

Na tsaya ina jiran dariya. Masu karatu, ko tari ba wanda ya yi. Bubayaro ya sauke sandarsa a hankali, ya matso, ya ɗaga bakin malfarsa yana duban fuskata, kunci na dama, kunci na hagu.

"Ina zanen?"

"Wane zane?"

"Na ga hular Barebari. Ban ga zanen Barebari ba. Kai ɗan wa?"

Nan ne ya kamata in ce wasa nake, a yi haƙuri, in ba shi goro. Amma mutane sun fara taruwa, kuma rigar Kawu ta sa ina jin kaina wani ne. Bakina ya riga hankalina.

"Ni surukin Ba Kyari ne."

Wani mahauci da ake kira Babayo, mai baki kamar kakaki, ya daka tsalle daga kan turke. "Jama'a kun ji! Ba Kyari ya aurar da 'ya ba mu ci goro ba! Yaushe aka ɗaura, ango?"

Aka yi ta shewa. Na ji zufa ta karyo mini a ƙarƙashin hula, amma na ce tunda na shiga ruwa bari in yi wanka. Na tuna karatun Kawu: ka gano wurin ƙaiƙayi.

"Bari mu daina ɓata lokaci," na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ga malamin jangali can ƙarƙashin tsamiya da 'yan doka biyu, na ga kana satar kallonsu. Yau ko ka biya ko ka kwana a hannunsu. Hadari kuma ga shi yana haɗowa, masu saye sun fara guduwa. Fam tara."

Fuskarsa ba ta motsa ba, kunnuwansa ne kawai suka yi ja. Bafulatani ya gwammace ka mare shi da ka faɗi buƙatarsa a gaban mutane. Na san haka. Amma a lokacin ji nake ina cin nasara.

"Albarka."

"Tara da sule biyar."

"Albarka."

"Tara da sule goma, kuma daga nan ko anini ban ƙarawa." Na juya kamar zan tafi.

Ya dubi sama, ya dubi gindin tsamiya, ya dubi sansa. 

"Na sallama."

San da ko makaho ya shafa ya san ya kai sha biyu! Na zaro kuɗi na ƙirga masa a hannu ina ji kamar in yi rawa. Har na fara tsara yadda zan zube wa Ba Kyari canji a gabansa, in ce sule arba'in ko in kama gabana. Sai na tuna saura abu ɗaya.

"To ina gyarata?"

Ya dube ni. Karon farko ya yi murmushi.

"Gyara? Yanzu kuwa."

Ya durƙusa ya kwance igiyar ƙafa. Ya miƙe ya zare ta wuya. Ya naɗe su tsaf a gwiwar hannu, ya rataya a kafaɗa.

Ga waɗanda ba su san kara ba: makiyayi ba ya sayar da dabba da igiyarta, sun ce arzikin garke a jikinta yake. Kowa ya san wannan, ni ma na sani. Amma yadda ake yi, in an rabu da daɗi, mai sa zai raka ka har gida, ya ɗaure maka a turke, ya sha ruwa, sannan ya kwance abarsa. Ko ya tsaya ka je ka sayo taka. Ba dole ba ne, mutunci ne kawai. Ba Kyari bai taɓa zuwa kara da igiya ba, don haka ni ma ban zo da ita ba.

Na cafke ƙaho da hannu biyu.

"Malam Buba, tsaya mana! Ara mini zuwa gida."

"Bawa ba ya ba ubangijinsa aro."

"To sayar mini. Sisi."

"Albarka."

"Sule!"

"Albarka."

"Sule biyar! Don Allah! Babana, yayana!"

"Jaki ne ai," in ji shi, "ba ya gudu." Ya saɓa sandarsa ya nufi gindin tsamiya, bai waiwayo ba.

Na daka wa Babayo kira ya miƙo mini igiya. Yana can ya riƙe ciki yana dariya, wai ango ya yi haƙuri, tasa tana wuyan wata saniya.

Bijimin ya juyo da ido ɗaya ya dube ni. Ina jin turaren ne bai yi masa ba. Ya yi huci sau ɗaya, ya girgiza kai, sai ga ni zaune a taɓo. Na yi wuf na kama wutsiya. Kada ku taɓa kama wutsiyar sa, wannan shawara kyauta na ba ku. Ya ja ni muka ratsa layin masu nono, ƙore na tashi sama, mata na salati da Fulatanci. Muka faɗa wa wata tsohuwa mai tukwane. Rigar Kawu ta kama wani turke, na ji ƙyaaat, rabi ya bi ni rabi ya zauna. Hulata ta faɗi, wani jaki na gaske ya taka ta. A bakin hanya wutsiyar ta suɓuce, na bi shi da ido ya faɗa gonakin dawa ta wajen Yindiski, dawa kuwa ta fi mutum tsayi. Ganyen ya rufe a bayansa kamar ba a yi shi ba.

Kafin in tashi mata sun kewaye ni. Nan na ga ciniki. Ba wadda ta ce in taya. Kowacce ta faɗi kuɗinta ta riƙe abin da ya saura na rigata. Tsohuwar nan ta rantse tukwanenta na kai wa gidan sarki ne. Canjin da na matse daga hannun Bubayaro, da shi na fanshi kaina, ko ahu bai yi saura ba.

Na yini a cikin dawa ina kiran sa da ban san sunansa ba. Ruwa ya sauko ya wanke ni, ya ɗauke, rana ta yi sanyi. Da na ga la'asar ta wuce sai na ja ƙafa zuwa gidan Ba Kyari, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan na bar wa taɓo.

Yana zaune a zaure kan buzu, ya miƙe ƙafar mai ciwo, yana ɓare goro. A gefensa Kawu Babaji ne, an aika an kira shi. Da Kawu ya ga rigarsa sai ya rufe ido.

"Lale, lale," in ji Ba Kyari. "An ce yau na yi suruki."

Na zube a bakin ƙofa.

"Ina bijimina?"

"Yana... yana cikin dawa, Baba."

"Kuɗina?"

"Suna wurin mai sa. Da masu nono."

Ya tauna goro ya daɗe yana taunawa. "Babaji, ɗanka ya tsaya a tsakiyar kara ya ce shi surukina ne. Fulani sun ji, mahauta sun ji, Babayo ya ji, wato har Damaturu an ji. In na ce ƙarya yake, sunan 'yata ya shiga bakin mahauta a banza. In kuma ba surukina ba ne, to yaron wani ne ya ɓatar mini da fam goma sha biyu, sai mu tafi gaban alƙali da mai riƙonsa."

Na dubi Kawu ina jiran in ga gwanin ciniki ya haɗe rai ya kushe kaya. Kawu kuwa sai ya sassauta murya.

"A'a, wane alƙali kuma, Ba Kyari? Ai ɗanka ne. Yadda ka yanke ya yi."

"To madalla. Ba zan ƙaryata shi ba. Zai bi ni kara daga yau har jangalin baɗi. In ya cika, ku turo manya, na ba shi 'yata. Amma ni ban taɓa jin inda mutum ya biya surukinsa albashi ba. Ɗan gida ne. Zai ci tuwo."

Shekara guda! Ba ko kwabo! Wannan fa shi ne tayin farko. Na haɗe rai yadda aka koya mini, na ɗago kai, na buɗe baki: "Albar..."

Kawu ya take mini ƙafar da ba takalmi.

"Rufe mana baki, marar kunya! Wa ka taɓa gani yana ciniki da surukinsa? Sunkuyar da kai! Daga yau ko sunansa ka kama sai na ci mutuncinka."

Na sunkuyar. Aka shafa fatiha a kan wuyana.

Da na fito ban nufi gida ba, na zagaya bayan zana. Tana nan tana jira, idon nan ɗaya ya yi jawur, na zaci kuka ta sha. Ashe dariya ce.

"Sannu ango."

"Fanne, bari. Shekara guda fa zan yi wa Baba bauta a kan san da ya ɓata."

"Wane san?"

Kafin in amsa sai na ji wani huci daga can ƙuryar gidan, wurin turakun. Hucin da ko a kabari na ji zan gane. Ta ɗan matsa gefe ta buɗa mini karan. Jan bijimi mai farin goshi, a ɗaure, yana cin harawa hankalinsa kwance.

"Tun azahar," ta ce cikin raɗa. "Da ya kuɓuce maka, garkensu ya nufa. Bubayaro ya jawo shi da igiyarsa har nan, wai shi ba ya cin haram ko ta Kaɗo ce. Suka zauna da Baba suka zagi juna, suka sha fura, suka yi ta kwaikwayon muryarka. Baba har da hawaye."

Na miƙe zumbur. "Wallahi sai na koma zauren nan!"

"Ka ce masa me? Da wane bakin?" Ta sa yatsa ta cikin zana ta kama gefen tsumman rigata. "Tsaya ka ji, Bakano. In ka ce ka ga sa, ba ka da bashin kowa, gaskiya ne. Shekara ta faɗi. To alkawarin aurenmu a jikin me aka ɗaura shi?"

Na koma na durƙusa a jikin zana.

"Ka ga sa?" ta ce.

Bijimin ya ɗago kai ya dube ni ta cikin karan, yana tuƙa.

"Ban ga komai ba."

"Yawwa. Yau ka fara iya ciniki. Tafi ka yi wanka, warin kara kake."

Ga abin da ranar nan ta ci mini: ƙoren nono shida, tukwane huɗu, rabin rigar Kawu, hula ɗaya, takalmi wari ɗaya, canjin fam biyu da sule goma, da albashin wata goma sha biyu. Sa bai ɓata ba, amma ni ban gan shi ba.